BABI NA UKU: YADDA AKE SHATA IYAKAR TASHAR TALABIJIN DA MATSAYIN GAYA DA AJINGI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin ƙasar Gaya da Ajingi, tare da hanyoyin sadarwa da al'ummar wannan yanki suka gada, tun daga sanƙira da maroƙa har zuwa shigowar rediyo. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne a kan talabijin, musamman a kan wata tambaya da ake ɗauka mai sauƙi ce, alhali kuwa ba haka abin yake ba. Tambayar ita ce, wace tasha ce ta cancanci a kira ta "tashar gida" ga mutumin Gaya ko na Ajingi, kuma wane ne ya shata iyakar da ta sa aka kira ta haka?

Amsar da takan fara zuwa bakin mutane ita ce tashoshin Kano, tun da yake garuruwan biyu a cikin Jihar Kano suke. Wannan amsa daidai ce ta fuskar mulki. To amma igiyar da ke ɗauke da hoton talabijin ba ta san iyakar jiha ba, haka kuma mai talla ba taswirar mulki yake saye da kuɗinsa ba, idanun masu kallo yake saye. Don haka za a yi ƙoƙarin nuna cewa iyakar da doka ta ba tasha daban, iyakar da igiyarta ke kaiwa daban, iyakar masu kallonta kuma daban, sa'an nan a nuna irin kurakuran da ake tafkawa a rubuce idan aka cakuɗa su.

3.1 Inda Gaya da Ajingi Suke

Gaya da Ajingi ƙananan hukumomi ne guda biyu daga cikin 44 da Jihar Kano ke da su, kuma dukkansu suna gabashin jihar, kan iyaka da Jihar Jigawa. Ajingi daga cikin Gaya aka yanke ta a shekarun 1990. A ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 Gaya tana da mutane sama da 200,000, Ajingi kuma sama da 170,000. Su biyun tare da Albasu suke haɗa mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya.

Abin da ya fi shafar wannan nazari shi ne nisa. Idan aka auna a miƙe, ba a bi lanƙwasar titin da ya ratsa ta Wudil ba, tsakanin garin Gaya da birnin Kano akwai kimanin kilomita 55, tsakaninsa da Dutse babban birnin Jigawa kuwa kimanin kilomita 40. Garin Ajingi ma kusan haka lissafinsa yake. Ke nan garuruwan biyu sun fi kusa da hedikwatar jihar da ba tasu ba a kan hedikwatar jiharsu. Kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, wannan ba wata magana ba ce, domin Dutse da Ringim da Jahun da Haɗeja duk Jihar Kano ne. A wannan rana ce gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, sai Gaya ta wayi gari a bakin iyaka ba tare da ta motsa daga inda take ba.

3.2 Iyakar da Doka ta Shata

Tun farkon zuwanta Nijeriya, talabijin bisa taswirar siyasa aka rarraba ta. A shekarar 1953 Gwamna John Macpherson ya soki jam'iyyar AG ta gidan rediyon gwamnati, da Cif Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi damar mayar da martani sai aka hana shi. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa tsarin mulkin 1954 ya bai wa jihohi uku na wancan lokaci ikon kafa gidajen watsa labarai nasu na kansu. Jihar Yamma ce ta fara buɗe WNTV a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959, Jihar Gabas ta biyo baya a Inugu a 1960, sa'an nan gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962 tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Daga baya aka miƙa shirye-shiryen wannan gida zuwa Zariya da Kano. A bisa takarda, tashar Kaduna ta Arewa ce baki ɗaya, tun daga Sakkwato har Borno, amma a zahiri hotonta bai wuce waɗannan birane da kewayensu ba. Ashe ke nan saɓanin da ake magana a kansa ya girmi Jihar Kano kanta, wadda aka ƙirƙira a 1967.

Kano ta sami tasha tata a tsakiyar shekarun 1970, daidai lokacin da gwamnatin soja ta yanke shawarar karɓe dukkan tashoshin ƙasar. Dokar soja mai lamba 24 ta 1977 ita ce ta kafa Hukumar Talabijin ta Nijeriya, watau NTA, ta ba ta ita kaɗai ikon watsa shirye-shiryen talabijin, ta kuma kasa ƙasar zuwa shiyyoyi 6. Tsarin mulkin 1979 ne ya sake buɗe wa jihohi ƙofa. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP, wanda ba ya ga maciji da gwamnatin NPN ta tarayya, bai ga alamar NTA za ta yi wa gwamnatinsa adalci ba, don haka ya kafa CTV 67 a farkon shekarun 1980. Wannan tasha da ke Hotoro, a kan titin Maiduguri, ita ce aka sauya wa suna zuwa ARTV don tunawa da shi bayan rasuwarsa a 2010.

Masu zaman kansu ba su sami shiga ba sai da aka yi dokar soja mai lamba 38 ta 1992, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin, watau NBC. Ita ce ke karɓar takardun masu neman lasisi, ta ba tasha zangon da za ta yi amfani da shi, ta kuma ƙayyade wurin da za a kafa na'urar watsawa da ƙarfinta. Tsarin mulkin 1999 ya bar rabon zanguna a hannun Gwamnatin Tarayya kaɗai, ko da tashar ta jiha ce, haka kuma ya ce duk wanda ba gwamnati ba sai da amincewar Shugaban Ƙasa zai mallaki gidan talabijin. A sama da NBC kuma akwai Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda ke raba zanguna tsakanin ƙasashe don kada tashar Maraɗi ta hau kan ta Katsina. An yi irin wannan rabo domin Afirka a birnin Janeba a 1989, aka sake wani a 2006 saboda tsarin dijital.

Abin lura a nan shi ne, lasisi izini ne na watsawa daga wani wuri da wani ƙarfi. Ba shaida ba ce cewa hoton ya isa ko'ina a cikin jihar da aka ambata, kuma ba katanga ba ce da za ta hana shi tsallakawa wata jihar. Da aka cire Jigawa a 1991, CTV ta rasa masarautun Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim da Dutse a matsayin yankin da take yi wa hidima, amma duk gidan da yake kama ta a daren 26 ga Agusta ya ci gaba da kama ta a daren 28. Daga baya Dutse ta sami reshen NTA, Jihar Jigawa ma ta kafa tasharta, JTV.

Masarautar Gaya ma misali ce ta yadda iyakar mulki ke yawo. Rimi ya ɗaga darajarta a 1981, aka soke a 1983, aka sake ƙirƙirar ta a 2019, aka rushe a 2024, sa'an nan a wannan shekarar aka dawo da ita a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. Duk wannan kai-komo bai ƙara wa hoton talabijin ɗin kowa haske ba, bai kuma rage ba.

3.3 Iyakar da Igiya ke Kaiwa

Wannan ita ce iyakar da masu rubutu a kan kafafen watsa labarai suka fi yin sakaci da ita, wataƙila domin suna ganin aikin injiniyoyi ne. To amma ba a iya fahimtar matsayin Gaya da Ajingi sai da ita.

Rediyo mai gajeren zango da mai matsakaicin zango suna iya tafiya mai nisan gaske, domin igiyarsu takan bi doron ƙasa ko kuma ta bugi wani sashe na sararin sama ta dawo. Shi ya sa manomi a Ajingi yake jin BBC da Rediyon Kaduna a gona da ɗan ƙaramin akwati mai batir biyu. Igiyar talabijin ba haka take ba. Tafiyarta kusan irin ta haske ce, a miƙe, kuma tun da duniya a dunƙule take, akwai nisan da idan aka kai sai ƙasa kanta ta shiga tsakanin turken tasha da eriyar gida. Injiniyoyi suna da wani sauƙaƙan lissafi na ƙiyasta wannan nisa. Ana ɗaukar saiwar tsawon turken tasha cikin mita, watau lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsawo, a haɗa da saiwar tsawon eriyar gida, sa'an nan a ninka jimlar da 4.1. Abin da ya fito shi ne nisan cikin kilomita.

Alal misali, a ƙaddara turken wata tasha a Kano tsawonsa mita 100 ne, saiwarsa ke nan 10. Idan mai gida ya ɗaura eriyarsa a kan rufi, mita 4 daga ƙasa, saiwarta 2, jimla 12, nisan kuma kimanin kilomita 49. Idan ya samo doguwar gora ko bututun ƙarfe ya ɗaga ta zuwa mita 9, nisan ya koma kimanin 53, idan kuma ya haɗa bututu ya kai ta mita 16, ya koma 57. Idan aka tuna cewa Gaya tana wajen kilomita 55 daga Kano, za a ga cewa da irin wannan turke garin yana daidai bakin gaɓa ne, inda tsawon gora kaɗai ya isa ya raba maƙwabta biyu, ɗaya yana kallo, ɗaya yana ganin yayyafi a allo. Wannan shi ne asalin dogayen eriyoyi da akan gani sun yi cirko-cirko a saman gidajen garuruwan da ke nesa da birni, da kuma na'urar ƙara ƙarfi da ake kira busta. Shi ne kuma asalin al'adar nan ta a tura yaro ya riƙa juya gora a tsakar gida, na cikin ɗaki suna ɗaga murya suna cewa ya yi ko bai yi ba. Haka nan lissafin ya nuna cewa ninka tsawon turke ba ya ninka nisa. Turke mai mita 225 da eriya mai mita 9 kilomita 74 kawai za su bayar.

Baya ga tsawo akwai zango. NTA Kano tana kan lamba 5 ne, a rukunin da ake kira VHF, inda tsawon igiya ɗaya ya kusa mita 1.7. CTV kuwa lamba 67 aka ba ta, can kusa da ƙarshen rukunin UHF, inda tsawon igiyar bai wuce santimita 36 ba. Gajeriyar igiya ta fi saurin raunana idan ta haɗu da gini ko tudu ko duhuwar itatuwa, kuma tana bukatar ƙarfin wuta mai yawa kafin ta kai inda doguwar ta kai. Yawancin tashoshin jihohi da aka kafa a jamhuriya ta biyu UHF suka samu, NTA kuma ta riƙe VHF. Ke nan tashoshi biyu suna iya zama a gari ɗaya, a kira su duka "tashoshin Kano", amma da'irar da kowacce ke rufewa ta bambanta, har eriyar kama su ma ba iri ɗaya ba ce.

Ta ɓangaren Dutse kuma kusanci kaɗai ba ya wadatarwa. Garin sunansa ya bi shi, duwatsu ne suka kewaye shi, kuma dutse yana tare igiya kamar yadda bango ke tare hasken fitila. Saboda haka ƙauyen da ke kusa amma a bayan dutse yana iya rasa hoto, wanda ya fi shi nisa a fili ya samu. Daɗin daɗawa, yanayi ma yana da nasa tasiri. Da daddare, idan iskar ƙasa ta yi sanyi ta sama kuma tana da ɗumi, igiya takan lanƙwasa ta yi tafiyar da ta wuce ƙa'ida, sai a kama tashar wani gari mai nisa na ɗan lokaci, gari na wayewa ta ɓace. Irin wannan kamu na sa'a ba ya sa a ce garin yana cikin da'irar tashar, ko da yake da shi ne wasu tashoshi kan kafa hujja idan mai kallo ya aiko wasiƙa daga nesa.

3.4 Iyakar Kasuwa: Misali Daga Amurka

Kalmar "kasuwa" a nan ba ta nufin wurin saye da sayarwa irin kasuwar Wudil ta ranar Juma'a. Tana nufin tarin gidajen da suke kallon rukunin tashoshi ɗaya, waɗanda mai talla zai iya isa gare su idan ya sayi lokaci a waɗannan tashoshi. Ƙasar da ta fi kowace tsara wannan al'amari ita ce Amurka, kuma abin mamaki ba gwamnati ce ta shata iyakokin ba, kamfani ne mai auna yawan masu kallo, watau Nielsen. Wannan kamfani ya kasa ƙasar zuwa kasuwanni 210 da ake kira DMA a taƙaice, mafi girma ita ce ta Niyok, mafi ƙanƙanta kuma ta wani ɗan gari mai suna Glendive a Jihar Montana. Kafin haka kamfanin Arbitron yana da nasa rabon mai suna ADI tun tsakiyar shekarun 1960, har ya bar auna talabijin a ƙarshen 1993.

Ƙa'idar rabon mai sauƙi ce. Ana ɗaukar gunduma, wadda ta yi kama da ƙaramar hukuma a nan, a auna tashoshin wane birni ne mutanenta suka fi ɓata lokaci suna kallo, sai a jingina ta ga kasuwar wannan birni. In ban da 'yan kaɗan da aka raba, kowace gunduma kasuwa ɗaya take shiga, kuma ana sake duba rabon kowace shekara, don haka gunduma tana iya ƙaura daga wannan kasuwa zuwa waccan idan kallon mutanenta ya sauya. Ba a la'akari da iyakar jiha ko kaɗan. Jihar Niyu Jazi, misali, arewacinta yana cikin kasuwar Niyok ne, kudancinta kuma yana cikin ta Filadelfiya. Hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta ɗauki wannan rabo na kamfani tana aiki da shi wajen tantance tashoshin da ya wajaba kamfanonin kebul da na tauraron ɗan'adam su kai wa kowane yanki.

Tsarin bai rasa illa ba. Akwai gundumomin da ake yi wa laƙabi da marayu, watau waɗanda suke cikin wata jiha amma aka jingina su ga kasuwar wata. Gundumomin La Plata da Montezuma na Jihar Kolarado suna cikin kasuwar Albukaki ta Jihar Niyu Meziko, saboda haka mutanensu suka daɗe suna kallon labaran gwamnan da ba su suka zaɓe shi ba. Sai da majalisar ƙasar ta yi doka a 2014 wadda ta buɗe hanyar neman a gyara wa irin waɗannan wurare abin da tauraron ɗan'adam ke kawo musu. Har ila yau dokar ƙasar ta wajabta wa kowace tasha ta riƙa faɗin sunanta tare da garin da lasisinta ya ambata a kowace sa'a. Tashar WWOR, wadda kowa ya sani a matsayin ta Niyok, lasisinta na garin Secaucus ne a Niyu Jazi, kuma da sunan wannan gari take gabatar da kanta.

Da za a kawo ma'aunin Nielsen gabashin Kano, tambayar da za a yi ba a wace jiha Gaya take ba ce, a'a, tashoshin ina mutanenta suka fi kallo. Kuma ba lalle ne kusanci ya yanke hukunci ba. Alaƙar Gaya da Kano ta daɗe ƙwarai, har tarihin baka yana cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka zo neman tama. Albashi da makarantu da kotuna da siyasa duk Kano suke fuskanta. Mutum yana iya juya eriyarsa yamma ya haƙura da hoto dishi-dishi don ya ji abin da gwamnansa ya ce, ya bar hoto tangaran da ke zuwa daga gabas.

3.5 Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Nijeriya ba ta da irin wannan rabo na kasuwanni. Kamfanonin talla da ke Legas sun dogara ne ga binciken jin ra'ayi da wasu kamfanoni ke yi, kuma irin wannan bincike ya fi karkata ga manyan birane. A 2020 Ministan Watsa Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya kafa kwamiti domin samar da ma'aunin masu kallo na ƙasa, abin da ke nuna cewa gwamnati kanta ta san da wannan giɓi. Inda babu awo, sai sunan jiha ya maye gurbinsa. Mai talla ya ce ya "sayi Kano", alhali abin da ya saya shi ne gidajen da ke cikin da'irar tashar, masu akwati, masu wutar lantarki ko janareta ko sola a daidai wannan lokaci, waɗanda kuma ba su juya zuwa wata tashar ba.

Sauye-sauyen fasaha sun ƙara rikita lissafin. Yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta sa ranar 17 ga Yuni, 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsari a rukunin UHF, Nijeriya kuwa ba ta cika wannan wa'adi ba. An fara gwajin tsarin dijital a Jos a watan Afrilu na 2016, aka ƙaddamar da shi a Kano a watan Nuwamba na 2021. A wannan tsari tashoshi da yawa ne ke hawa turke ɗaya na kamfanin rarraba igiya, don haka da'irarsu takan zama ɗaya. Sai dai ga mazauna bakin gaɓa akwai wani abu. A tsohon tsari hoto a hankali yake dusashewa, ana iya kallo ko da yayyafi, a dijital kuwa ko dai ya fito tas ko ya daskare ya ɗauke gaba ɗaya. Zangon da lamba 67 ke ciki ma yana daga cikin waɗanda ITU ta ware domin wayar hannu a taronta na 2007.

Tauraron ɗan'adam kuwa ya rushe maganar nisa ɗungurungum. Mai dish a Ajingi da mai dish a Agadas ko Kumasi hoto ɗaya suke gani. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta wannan hanya ta shiga gidaje, kuma wasanninta irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in sun sami karɓuwa a birni da ƙauye. Haka nan gidajen kallon ƙwallo da suka yawaita a garuruwa, wasannin Ingila da Sifen suke nunawa ta dikoda, ba labaran jiha ba.

3.6 Daidaita Bayani a Kan Tashoshi

Daga abin da ya gabata za a ga inda kuskure yake shigowa. Kalmar "Kano" kanta tana ɗaukar birni, tana ɗaukar jiha, tana kuma ɗaukar masarauta, kuma marubuci yakan fara jimla da ma'ana ɗaya ya ƙare da wata bai lura ba. Idan aka rubuta cewa wata tasha "tana watsa shirye-shirye ga Kano", mai karatu ba zai san ko Fagge da Gwale ake nufi ba, ko kuwa har da Ajingi da Doguwa. Ya fi dacewa a raba maganar: ga garin da ɗakin shirye-shiryenta yake, ga inda turkenta yake, ga wanda ya mallake ta, ga kuma wuraren da aka tabbatar ana kama ta da irin eriyar da aka yi amfani da ita. Bisa wannan, ARTV tashar Gwamnatin Jihar Kano ce mai mazauni a Hotoro, wadda Gaya da Ajingi suke cikin yankin da aka ɗora mata alhakin yi wa hidima. Wannan jimla gaskiya ce. Amma cewa "ana kallon ta a duk faɗin ƙananan hukumomi 44 da jihohi maƙwabta" magana ce da sai an auna kafin a rubuta ta, kuma ba ya halatta ɗalibi ya kwafo irinta daga takardar farashin talla ta kowace tasha ya sa a kundi kamar sakamakon bincike. Takardar farashi domin jawo ciniki aka yi ta.

NTA ma tana bukatar kulawa. NTA Kano da NTA Dutse rassa ne na hukuma ɗaya, kuma da ƙarfe 9 na dare dukkansu labaran ƙasa suke haɗawa, waɗanda a da daga Legas suke zuwa, yanzu kuma daga Abuja. Mutumin da aka tambaya ya ce yana kallon NTA bai faɗi wace ba, kuma idan ta dish yake kamawa mai yiwuwa ba ɗaya daga cikin biyun ba ce, babbar tashar ce ta ƙasa. Haka wasan Samanja da Hausawa suka so a shekarun baya daga Kaduna yake fitowa, ko da yake mutanen Kano ta tasharsu suka gan shi. Wurin da aka shirya shiri daban, tashar da ta watsa shi daban. Ita ma Arewa24, ko da yake a Kano ake shirya yawancin shirye-shiryenta, kiran ta "tashar Kano" a jera ta da ARTV da NTA Kano kamar irinsu ɗaya kuskure ne, domin ba don jiha ɗaya aka kafa ta ba, kuma ba ta hanyarsu ta isa ga jama'a ba. Akwai kuma kuskuren zamani, inda ake rubuta CTV a kan abin da ya faru bayan sauya suna, ko ARTV a kan abin da ya faru a zamanin Rimi, ko kuma a lissafa Dutse cikin "wata jiha" a bayanin shekarun 1980.

Wani zai ce wannan duk ƙaƙale ne na 'yan makaranta. To amma akwai kuɗin jama'a da lafiyarsu a ciki. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, ta dawo da shi a 2004, kuma daga nan aka shafe shekaru ana kashe kuɗi wajen wayar da kai ta kafafen watsa labarai har zuwa 2020 da aka tabbatar nau'in ƙwayar cutar na asali ya kau daga Nijeriya. Duk jami'in da ya ɗauka cewa sanarwar da aka sa a tashar jiha ta isa kowace ƙaramar hukuma, zai iya rage abin da ya kamata ya kashe a kan rediyo da masu unguwanni da limamai a wuraren da hoton ba ya kaiwa. A lokacin zaɓe ma haka ne. Mai jefa ƙuri'a a ƙauyen gabashin Gaya gwamnan Kano yake zaɓa, idan kuwa tashar da ta fi fito masa ta Dutse ce, 'yan takarar Jigawa zai yi ta gani, kamar dai mutanen La Plata. A 2020 kuma, da aka rufe makarantu saboda annobar korona, jihohi da dama har da Kano sun koma koyar da darussa ta rediyo da talabijin. Yaron da ke Tarauni da yaron da ke wani ƙauye a Ajingi a rajista ɗaya suke ta ma'aikatar ilimi, jarrabawa ɗaya kuma take jiran su, amma ko darasin ya shiga ɗakin na biyun, wannan ya danganta ne ga tsawon turken da ke Hotoro, da tsawon gorar da ke tsakar gidansu, da kuma ko akwai wuta a wannan sa'a.